Idan Ka Ji Rauni a Bakin Aiki: Yadda Ake Bin Haƙƙi a CNPS Daga Ngaundere Zuwa Kuseri

Duk wata, mai kamfanin da ya yi wa ma'aikatansa rajista a Kamaru yana zuba wani kaso a asusun CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, saboda ranar da ɗayansu zai ji rauni. Kason ya danganta da haɗarin sana'ar: 1.75 cikin ɗari na albashi a inda haɗari bai da yawa, 2.5 a matsakaici, 5 a inda aikin ke da haɗari ƙwarai. Ko dala ba a cirewa daga albashin ma'aikaci saboda wannan, mai kamfani ne kaɗai ke biya. Kashi 4.2 da ake yanka maka a takardar albashi na fansho ne, reshe daban. Ke nan ranar da inji ya kama hannun mutum a masana'antar gurzar auduga, ko birkila ya faɗo daga bene, kuɗin maganinsa da na zaman jinyarsa an riga an tanade su. Dokar da ta tsara wannan tana nan tun 13 ga Yuli 1977, mai lamba 77/11.

Amma mun san yadda abin ke ƙarewa a unguwanninmu. Maigida ya zo dubiya, ya sa 'yan kuɗi ƙarƙashin matashi, ya ce Allah ya sawwaƙe, dangi su yi ta godiya. Bayan wata shida hannu bai koma daidai ba, an sa wani a gurbin mutum, kuɗin dubiya sun daɗe da ƙarewa, ga shi babu takarda ko ɗaya da ta nuna a wurin aiki abin ya faru. Kunya ce ke jawo wannan, sai kuma ganin cewa wanda ya yarda da ƙaddara bai kamata ya ɗauki fayil yana bin ofisoshi ba. Rauni ƙaddara ne, babu musu. Kuɗin da ke asusun kuwa haƙƙi ne da aka tara da guminka, karɓarsa ba roƙo ba ne, ba kuma kai ƙarar maigida ba ne.

Tun kana lafiya, ka san matsayinka

Doka ta ba mai kamfani kwana takwas daga ranar da ya ɗauke ka ya sanar da CNPS. Idan ya yi, za ka sami lambar rajista taka ta kanka, wadda za ka riƙe ko ka sauya wurin aiki. Duba takardar albashinka ka ga ko lambar na nan. Ganin an rubuta an cire maka kuɗi bai isa ba, don akwai masu cirewa su kuma riƙe. Ɗauki katin ɗan ƙasa ka je cibiyar CNPS ta Garwa, Marwa, Ngaundere ko wadda ta fi kusa da kai, ka ce a duba maka asusunka. Abu biyu za ka tambaya: ana zuba mini kuwa, kuma nawa aka rubuta a matsayin albashina?

Tambaya ta biyun ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Wani maigidan zai ce maka, "Bari mu rubuta mafi ƙarancin albashi, kai ma abin da za a yanka maka ya ragu." Tun watan Maris na 2023 mafi ƙarancin albashi sefa 60,000 ne a yawancin sana'o'i, 45,000 a aikin gona. Ka ga kamar ka ci riba a ƙarshen wata. To, duk diyyar da za a ba ka nan gaba da abin da aka rubuta za a lissafa ta, ba da abin da kake karɓa a hannu ba. Lissafin na tafe, za ka ga girman asarar.

Wanda aka ɗauka da baki ma ma'aikaci ne. Dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992 ta yarda a tabbatar da yarjejeniyar aiki ta kowace hanya. Saboda haka kar ka goge saƙon Orange Money ko MTN da ake turo maka albashi da shi. Adana katin shiga masana'anta, hotunanka cikin kayan aiki, saƙonnin da shugabanka ke aiko maka na inda za ka je gobe. Masu aikin kaka da ake ɗauka lokacin auduga ko girbin shinkafa, masu aikin gida, masu gadi, 'yan koyon sana'a, duk tsarin ya shafe su. Ba a kuma ce sai ka yi wata kaza kana aiki ba: wanda ya ji rauni a makonsa na farko yana da haƙƙi kamar wanda ya shekara ashirin. Cikakkun ma'aikatan gwamnati su ne ba sa cikin wannan asusun, nasu tsarin daban yake.

Wane rauni ake lissafawa

Duk abin da ya same ka saboda aiki ko a lokacin aiki. Buhu ya faɗo wa ɗan dako a sito, tartsatsin walda ya shiga ido, wuta ta ja mai gyaran lantarki, maciji ya sari mai gadi cikin dare, duka sun shiga. Haka tafiyar da kamfani ya tura ka kuma shi ke ɗaukar nauyinta. Direba da yaron motar da suka ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere suka kife a gangaren dutsen nan na hanyar Mbe, a bakin aiki suke.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki, zuwa ko dawowa, shi ma ana lissafa shi. Sharaɗin shi ne kada ka karkata ko ka tsaya don wata hidimar kanka da ba ta da alaƙa da aikin. Ka fito gida da safe ka hau babur, mota ta buge ku kafin ka isa, wannan raunin aiki ne. Ka tashi aiki ka wuce ɗaya ƙarshen gari wurin hirar abokai, ka faɗi da daddare wajen komowa, nan za a yi maka gardama. Wanda kuma ya ji wa kansa rauni da gangan ba shi da komai.

Ranar da abin ya faru

Nauyin farko a wuyan mai kamfani yake: ya sa a yi maka taimakon gaggawa, ya kai ka asibiti. Albashin wannan ranar ma cikakke zai biya ka. Naka nauyin, ko na ɗan'uwan da ke tare da kai idan ba ka cikin hayyacinka, shi ne a sanar da shugaban wurin nan take, a riƙe sunaye da lambobin mutum biyu da suka ga abin, a ɗauki hoton wurin da na injin kafin a share jini a gyara komai. Idan a hanya ne, a kira 'yan sanda ko jandarma su rubuta rahoto. Direban da ya buge ka zai roƙa a sasanta a wurin. Ko za ku sasanta daga baya, a fara rubuta rahoton.

Sai maganar ɗori, wadda nan ne haƙƙin mutane da dama ke salwanta. Idan ƙashi ya karye, kafin a ce asibiti an riga an ambaci sunan mai ɗorin unguwa. Ba na raina su, akwai waɗanda hannunsu ke da albarka, kuma kowa ya san wanda ya warke a wurinsu. Sai dai CNPS ba ta san mai ɗori ba. Abin da take karɓa shi ne takardar likita ta farko, wadda a ofis ake kira certificat médical initial, mai ɗauke da kwanan wata, irin raunin da kuma kwanakin hutun da likita ya yanka. Idan ka yi mako uku a ɗakin ɗori sannan ka je asibiti bayan ƙafa ta kumbura, tambayar farko da za a yi maka ita ce: me ya nuna wannan karayar ta ranar nan ce? Ban da haka, karayar da ƙashi ya huda fata tana bukatar wanki da allurar tetanus, ɗauri mai tsanani kuma yana iya tare jini har gaɓa ta mutu a yanke ta. Je asibiti ranar, a yi hoton ƙashi, a ba ka takarda.

A gaban likita ka faɗi abin yadda yake: a wurin aiki ne, ƙarfe kaza, ina yin kaza. Ka lissafa duk inda ke maka ciwo, har wanda kake ganin ƙarami ne. Mutanenmu sun iya daurewa, a tambayi mutum ya ce "da sauƙi" alhali bayansa kamar zai tsage. Wannan dauriyar ba ta da amfani a nan. Idan ka faɗo ka karya hannu ka kuma bugu a kai, amma hannun kaɗai aka rubuta, ranar da jiri da ciwon kai suka dame ka zai yi wuya a haɗa su da faɗuwar.

Mai yiwuwa wani daga kamfani ya ja ka gefe ya ce, "Ka ce a gida ka faɗi, Alhaji zai biya komai." Ba sai ka yi faɗa ba. Idan kun haɗu da shi kansa, ka ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, a bar shi yadda ya faru. Kai ma sauƙi ne gare ka, tunda asusun ne zai ɗauki nauyin." Gaskiya ce kuwa. Maigidan da ke zuba kuɗinsa kan ƙa'ida ba ya asarar komai don ya sanar. Wanda ke neman a ɓoye, galibi bai yi maka rajista ba ne, ko ana bin sa bashin wasu watanni.

Taimakon da ya kawo ka karɓa ka gode, alheri ne. Abin da ba za ka yi ba shi ne sa hannu ko dangwala yatsa a takardar Faransanci da ba ka karanta ba, musamman kana kwance kan gadon asibiti. Ka ce a bar maka ita ɗanka ko ƙanenka ya karanta maka tukuna.

Kwana uku nasa, shekara uku naka

Mai kamfani yana da kwanakin aiki uku ya kai sanarwar haɗarin ga CNPS, daga ranar da abin ya faru ko ranar da ya sami labari. Akwai fom na musamman da ake cikewa, a haɗa da takardar likita, a kuma sanar da sufeton ƙwadago. Bayan kwana huɗu ko biyar ka tura wani ya tambayi ofishin ma'aikata na kamfanin: an kai? A ba mu kwafi mai hatimi. "An kai" ta fatar baki ba ta wadatar.

Idan ya ƙi, ko ya yi ta cewa gobe, doka ta buɗe maka ƙofa: kai da kanka, ko iyalinka, kuna iya kai sanarwar, kuma wa'adinku shekara uku ne. Wannan ya kamata ya kai kunnen duk wanda ya ji rauni bara ko bara waccan ya zauna yana ganin lokaci ya wuce. Amma kar shekara ukun ta sa ka miƙe ƙafa. Shaidu suna barin gari, kamfanin gini yana gama kwangila ya naɗe kayansa, rasiɗi yana kodewa. Abin da za a yi cikin wata ɗaya kar a bar shi ya shekara.

Ka je da katin ɗan ƙasa, lambar rajistarka, takardar likita, takardun albashi na wata ukun da suka gabaci haɗarin, sunayen shaidu, da rahoton jandarma idan a hanya ne. Kowace takarda ka yi mata kwafi kafin ka miƙa. Duk abin da ka ajiye a ofis, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka kwafin. Sayi fayil ɗaya, komai ya shiga ciki, har rasiɗin kantin magani da na motar da ta kai ka asibiti. Idan raunin mai tsanani ne akan turo masu bincike su ga wurin su ji daga bakin shaidu, a nan hotunan da aka ɗauka ranar farko ke yin rana.

Wanda ba a taɓa yi masa rajista ba, kar ya ce ai ba ni da lamba ya koma gida. Ya je CNPS ya bayyana, ya kuma wuce ofishin sufeton ƙwadago da shaidun cewa yana aiki a wurin. Rashin rajista laifin mai kamfani ne. Tafiyar takan yi tsawo, amma daga nan ake faro ta.

Abin da za a biya, da yadda ake lissafi

Na farko magani: ganin likita, tiyata, kwanciya, magunguna, gwaje-gwaje, hoton ƙashi, sufuri zuwa asibiti, ƙafar roba ko wani abin da zai maye gaɓa, gashin ƙashi, har da koyon wata sana'ar idan tsohuwar ta gagara. Abin da ka biya daga aljihunka, rasiɗi da takardar da likita ya rubuta maganin ne za su sa a mayar maka. Maganin da aka saya a tebur bakin kasuwa ba shi da rasiɗi, ka tuna da wannan.

Na biyu kuɗin zaman jinya. Daga washegarin haɗarin har ka warke, ko likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya, ana biyan ka kashi biyu cikin uku na albashinka na yini, a kan matsakaicin wata ukun ƙarshe. A ce kana karɓar 90,000 a wata. Yini ɗaya 3,000 ke nan, kashi biyu cikin uku 2,000. Ka yi kwana 45 a kwance, 90,000. Sai dai kowane yini sai takardar likita ta rufe shi. Idan hutun farko na kwana 30 ne kuma ba ka warke ba, koma kafin ya cika a ba ka takardar ƙari. Giɓin da ka bari tsakanin takarda da takarda, giɓi ne a kuɗinka.

Na uku shi ne babba, kuma shi ne wanda kuɗin dubiya ba ya taɓa kamowa. Ranar da magani ya kai iyakarsa, likita zai rubuta takardar ƙarshe. Ko dai ya ce ka warke sarai, ko ya ce raunin ya bar naƙasa, a yanka mata kaso cikin ɗari, likitan CNPS kuma ya duba. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya ana ba shi 85 cikin ɗari na matsakaicin albashinsa duk wata. Ga mai 90,000, 76,500 ke nan. Idan naƙasar 40 cikin ɗari ce, sai a ɗauki 40 cikin ɗari na 76,500, ya zama 30,600 a wata, ko da ya koma aiki yana karɓar albashi. Idan kason bai kai 20 ba, ba a biya wata-wata, ana haɗa na shekara goma a ba da a dunƙule. Naƙasar 10 cikin ɗari ga wannan mutumin 7,650 ce a wata, sau 12, sau 10, ya kama 918,000. Wanda kuma ya zama sai da mai kula da shi kullum, akwai ƙarin da ake yi masa saboda haka.

Yanzu koma ga wanda ya yarda aka rubuta masa 60,000 alhali 90,000 yake karɓa. Nasa 85 cikin ɗarin 51,000 ne, naƙasar 40 ta ba shi 20,400. Ya rasa 10,200 kowane wata, shekara da shekaru, saboda 1,260 na kuɗin fansho da ya tsira da su a wata lokacin da yake lafiya.

Ranar yanka kason nan ka shirya mata. Je da duk hotunan ƙashi da takardun asibiti. Nuna abin da hannun ba ya iya yi yanzu: ba ya damƙe guduma, ba ya ɗaga bokiti, yatsu ba sa lanƙwasuwa. Faɗi sana'arka da hannun da kake aiki da shi. Kada ka ƙara gishiri, likitoci sun saba ganewa, kuma kada ka rage don a ce kai jarumi ne. Idan kana ganin an tauye ka, kana iya neman a sake dubawa ta hannun ƙwararren likita. Idan kuma bayan shekaru raunin ya tsananta, ana sake duba kason, shi ya sa fayil ɗin nan ba a yar da shi. Mai karɓa wata-wata zai riƙa tabbatar wa asusun yana raye lokaci zuwa lokaci, in ya yi sakaci a dakatar da biya.

Wata 'yar shawara kan kuɗin dunƙule. Ranar da suka fito, dangin da ba su leƙo asibiti ba za su tuna da kai. Waɗannan kuɗin madadin ƙarfin da ka rasa ne har ƙarshen rayuwar aikinka. Ka yanke abin da za ka yi da su kafin labari ya bazu.

Gurbinka a wurin aiki

Sashe na 32 na dokar ƙwadago ya ce yarjejeniyar aiki tana tsayawa ne cak a lokacin da ma'aikaci ke jinyar raunin aiki ko cutar sana'a, ba ta warware ba. Rashin lafiya na yau da kullum an sa masa iyakar wata shida a wannan sashen, raunin aiki ba a sa masa ba. Wannan ma wani dalili ne na ƙin yarda a rubuta cewa a gida ka faɗi. Kar ka rubuta takardar ajiye aiki don an ce "ka huta, in ka warke ma sake ɗaukar ka." Kai wa kamfani kwafin kowace takardar hutu, a sa maka hannun karɓa. Idan ka dawo kuma tsohon aikin ya fi ƙarfinka, nemi a sauya maka mai sauƙi, a rubuce, ka haɗa da bayanin likita. Inda ma'aikata suka kai ashirin akwai wakilansu da aka zaɓa, ka shigar da su cikin maganar tun da wuri.

Idan rai ya yi halinsa

A wurinmu ba a kwana da gawa in da hali, kuma daidai ne. Amma kafin a ɗauka, mutum ɗaya cikin dangi ya tsaya a sami takardar likita mai nuna rasuwar da sanadinta. Ba ta hana a yi jana'iza a kan lokaci. Bayan an rufe, samun ta sai an sha wuya. Daga nan a je ofishin magajin gari a yi takardar mutuwa.

Asusun yana mayar da kuɗin jana'iza, sannan yana biyan iyali 85 cikin ɗari na matsakaicin albashin mamacin duk wata, a raba tsakanin mata ko miji, 'ya'yan da ke ƙarƙashin kulawarsa, da iyayen da yake ɗauke da su. Wannan ba dukiyar gado ba ce da za a tara a gaban malam a raba. Doka ce ta ambaci masu karɓa, kuma yayye da ƙanne ba sa ciki. Ya kamata dattawan gida su san haka tun farko, kada a matsa wa mai takaba ta kawo kuɗin marayu tsakar gida.

Inda matsalar take shi ne takardu. An ɗaura aure a masallaci da shaidu da sadaki, an haifi 'ya'ya shida, amma ba a taɓa zuwa ofishin magajin gari ba. A wurin Allah da jama'a matarsa ce. A gaban ma'aikacin asusun kuwa, sai ta nuna takardar aure. Dokar Kamaru ta yarda da auren mace fiye da ɗaya idan haka aka zaɓa a takardar auren, don haka mai mata biyu ko uku ya yi wa kowacce tata. Yaron da ba a yi masa takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai an bi ta kotu an sami hukuncin da ake kira jugement supplétif. Duk wannan abu ne mai sauƙi idan maigida na raye ya taka da ƙafarsa. Ga matar da ke cikin takaba, ba ta jin Faransanci, ba ta da kuɗin mota, dutse ne. Magidancin da ke aikin hawa sama, ko tuƙin babbar mota, ko aiki da inji, ya ɗauki wannan a matsayin wani ɓangare na ciyar da iyali.

Idan wani ne daga waje ya jawo haɗarin, misali motar da ta buge shi a hanyar zuwa aiki, iyali suna da damar bin inshorar motar ban da abin da CNPS ke biya. A gaya wa asusun, don shi ma yana bin mai laifin abin da ya kashe.

Cutar da aiki ya haifar

Ita ba ta da rana ɗaya da za a nuna, a hankali take shiga. Gwamnati na da jerin cututtukan da ta amince sana'a ce ke kawo su, irin su gubar dalma, lalacewar huhu daga ƙurar dutse, da kurumta daga ƙarar inji. Mai fasa dutse ko aikin siminti a wajen Figil, mai shaƙar ƙurar auduga shekara da shekaru, mai feshin maganin ƙwari, mai aikin fata da na mayanka, idan tari ko ƙuncin ƙirji ko ciwon fata ya ƙi jin magani, ya gaya wa likita aikin da yake yi da tsawon shekarunsa a ciki. Likita ba zai haɗa su ba idan ba a faɗa masa ba. Wa'adin sanarwa yana farawa daga ranar da aka tabbatar cutar ta aiki ce, haƙƙoƙin kuma iri ɗaya ne da na rauni. Sakamakon gwajin lafiyar da aka yi maka lokacin ɗauka, idan kana da shi, yana nuna da lafiyarka ka shigo.

Idan aka ƙi

Hanya biyu ce, kar a haɗa su. Idan rigimar da mai kamfani ce, ya kore ka, ya hana albashi, ya ce bai san ka ba, wurin sufeton ƙwadago za ka fara. Zai kira ku ya nemi sulhu. An daidaita, a rubuta. Ba a daidaita ba, ya ba ka takardar rashin sulhu, da ita kotu za ta saurare ka, kuma shari'ar ƙwadago ba a biyan kuɗin shigar da ita.

Idan CNPS ce ta ƙi fayil ɗinka, nemi a ba ka ƙin a rubuce da dalilinsa. Sai ka rubuta koke ga kwamitinta na sake duba ƙorafi, comité de recours gracieux. Ba a tsallake wannan matakin. In bai biya maka bukata ba, akwai hukumar shari'ar harkokin asusun a matakin jiha, bayanta kotun ɗaukaka ƙara. Kowane mataki da wa'adinsa, kuma gajere ne, don haka ranar da takardar ƙi ta iso hannunka ka rubuta kwanan watan a bayanta, ka nemi mai karanta maka a makon. Sau da yawa dalilin ƙin takarda ɗaya ce ta ɓace ko suna ya bambanta tsakanin katin ɗan ƙasa da takardar albashi, an rubuta Mahamat a nan, Mohamadou a can. Irin wannan gyara ake yi, ba shari'a ba.

Masu aikin kansu, ɗan kilando mai babur ɗinsa, tela, mai shago, makaniken da ke da garejinsa, su lura da abu ɗaya. Inshorar ganin dama da aka buɗe a 2014, wadda mutum ke zuba wa kansa, ta tsufa ce da naƙasa da mutuwa. Ba ta biyan kuɗin asibiti da na zaman jinya irin na raunin aiki. Amma makaniken nan, idan yana da yara da yake biya albashi, shi ne mai kamfani a idon doka, rajistarsu a wuyansa take. Wanda kuma ke kwana a Kuseri yana tsallaka gada ya yi aiki da kamfanin da ke Njamena, asusun Chadi ne nasa. Shi ma CNPS ake kiransa, amma da dokarsa da wa'adinsa daban, can zai je ya duba lambarsa da albashin da aka rubuta masa.